Me ya sa manhaja ke rufe kanta, waya kuma ke mutuwa ta tashi? Yadda kanel ke tarbar tangarɗar firosesa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, wayar hannu ta zama lalitar gidaje da dama. Bankuna sun rufe rassa, tsabar kuɗi ta yi wuya, sai ciniki ya koma kan manhajojin banki, musamman Bankak ta Bankin Khartum. Haka abin yake a ƙauyukan Hausawa na Jazira da na gaɓar Nil Azraƙ, har da Mai Wurno da ke kudu da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar 2023, mutane da yawa sun gudu ba su ɗauki komai ba sai wayoyinsu, kuma ta cikinsu 'yan uwa daga Saudiyya da sauran ƙasashe ke aiko musu da taimako. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka fara a Disambar 2024 ya ƙara tura jama'a buɗe asusu.

A irin wannan hali, manhajar da ta rufe kanta ana tsakiyar tura kuɗi, ko wayar da ta mutu ta sake tashi ba a taɓa ta ba, abu ne mai tayar da hankali. Da yawa sukan garzaya wurin mai gyara a goge wayar gaba ɗaya, a yi asarar hotuna da lambobi da takardu. Alhali waɗannan alamomi ba ciwo ɗaya ba ne. Kowace tana nuna irin hukuncin da wani sashe na babbar manhajar waya, wanda ake kira kanel, ya yanke bayan firosesa ta kai masa ƙara.

Mene ne kanel?

Firosesa ita ce ɗan guntun da ke aiwatar da umarni a cikin waya ko kwamfuta, biliyoyi a kowace daƙiƙa. Ba ta san banki ko hoto ba. Abin da ta sani shi ne ta ɗauko umarni, ta aikata shi, ta wuce na gaba. Kanel kuwa shi ne zuciyar babbar manhaja, wanda masu Faransanci ke kira noyau, wato ƙwallon cikin ɗan itace. Shi ke raba wa manhajoji lokacin firosesa da wuri a ma'adanar aiki, wato RAM, kuma shi ke magana da allo da kyamara da batir da eriya.

Duk wayar Android, ko Samsung ce ko Tecno ko Infinix ko itel, tana tafiya ne kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Firosesar kusan dukkan waɗannan wayoyi tana bin tsarin kamfanin ARM na Birtaniya, yayin da yawancin kwamfutocin ofis ke amfani da tsarin x86 na Intel da AMD.

Firosesa na aiki a matakan izini daban-daban. A tsarin ARM na zamani matakan huɗu ne, daga EL0 zuwa EL3. Manhajoji na zaune a EL0, mafi ƙarancin iko, kanel kuma a EL1. Wanda ya san noman Jazira ya san irin wannan rabo: manomi na da hawasharsa, amma ba shi ke buɗe ƙofar babbar magudanar ruwa ba, gafir ne ke riƙe da ita. Haka manhaja ke da nata yankin na RAM, amma ba ta isa ta taɓa na maƙwabciyarta ko ta juya na'urorin waya da kanta ba.

Hanyoyi uku na isa ga kanel

Kanel ba ya tsaye a kan manhaja yana kallon kowane umarni. Yawancin lokaci ba ya ma aiki, sai an kira shi. Kiran yana zuwa ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce katsewa daga waje. An taɓa allo, saƙo ya shigo ta eriya, ko agogon cikin na'ura ya buga, abin da yake yi sau ɗari zuwa dubu a daƙiƙa gwargwadon yadda aka saita kanel. Wannan ba shi da alaƙa da umarnin da firosesa ke kai a lokacin.

Ta biyu ita ce roƙo da gangan. Manhajar da ke son buɗe fayil ko aika bayani ta intanet tana aiwatar da wani umarni na musamman, SVC a tsarin ARM, wanda aikinsa shi ne miƙa ragama ga kanel.

Ta uku ita ce tangarɗa: firosesa ta ci karo da umarnin da ba za ta iya cikawa ba. Ko adireshin RAM da aka nema babu shi, ko manhajar ba ta da izininsa, ko kuma umarnin kansa ba ya cikin waɗanda firosesar ta sani.

Littattafan Intel sun kasa tangarɗa gida uku. Akwai wadda ake gyarawa a maimaita umarnin da ya gaza. Akwai tarko, wanda bayan an gama da shi ake ci gaba daga umarni na gaba. Akwai kuma mai tsanani wadda ba a iya komawa bayanta.

Abin da ke faruwa a cikin ƙiftawar ido

Tun waya na tashi, kanel ke shirya wani jadawali ya gaya wa firosesa inda yake. Jadawalin na cewa: idan abu kaza ya faru, tafi wuri kaza. A x86 yana da gurabe 256, kuma 32 na farko an keɓe su ga tangarɗar firosesa. Lamba 0 ta raba lissafi da sifili ce, 3 ta tarkon masu binciken kuskure, 6 ta umarnin da ba a sani ba, 13 ta keta dokar kariya, 14 ta rashin shafin RAM, 18 kuma ta lalacewar na'ura. A ARM mai bit 64 jadawalin na da gurabe 16 kawai, kowane mai bayit 128, kuma adireshinsa na ajiye a rajistar VBAR. Rajista ɗan ƙaramin wurin ajiya ne a cikin firosesa kanta.

Da zarar tangarɗa ta auku, firosesa na yin abubuwa kaɗan ba tare da jiran kowa ba. Tana adana adireshin umarnin da ta tsaya a kansa, tana rubuta dalilin tsayawar a rajistar ESR, idan batun RAM ne ta sa adireshin da ya jawo matsalar a rajistar FAR. Sai ta haura zuwa matakin kanel ta faɗa gurbin da ya dace. Kanel na fara kwashe duk lissafin da manhajar ke riƙe da shi ya ajiye gefe, don kada ya ɓata mata aiki. Daga nan ya duba dalili, ya yi tambaya mafi muhimmanci: wa ke aiki lokacin da abin ya faru, manhaja ce ko kanel da kansa? Amsar wannan tambaya ce ke raba ƙaramar matsala da babba. Idan an warware, kanel na mayar da komai yadda ya same shi, ya aiwatar da umarnin komawa, ERET a ARM ko IRET a x86.

Tsarin biyu ba su yarda a kan komai ba. A x86 raba lamba da sifili tangarɗa ce. A ARM mai bit 64 firosesa na bayar da sifili kawai ta wuce, sai dai harshen da aka rubuta manhajar ya saka nasa binciken.

Yawancin tangarɗa ba laifi ba ce

Tangarɗar da ta fi yawa ita ce rashin shafi, kuma tana faruwa dubbai a duk lokacin da aka buɗe manhaja. An yanka RAM shafi-shafi, galibi kilobayit 4 kowane, ko da yake daga Android 15 an fara tallafa wa na kilobayit 16. Kanel ba ya loda manhaja gaba ɗaya. Yana barinta ta fara aiki, idan ta nemi shafin da bai iso ba firosesa ta tsaya ta kira shi, ya ɗauko shafin daga ma'adanar waya, a maimaita umarnin. Manhajar ba ta ma san an tsaya ba. Dabarar tsohuwa ce: kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester, wadda aka ƙaddamar a 1962, ita ta fara aiki da ita.

Wannan ne ke bayyana nauyin ƙananan wayoyi masu RAM gigabayit 2 ko 3, waɗanda suka fi yawa a hannun talakawa. Idan wuri ya ƙare, Android na matse shafukan da ba a taɓa ba kwanan nan ya ajiye su a wani sashe mai suna zram. Kowace komawa gare su tangarɗa ce da ke cin lokaci. Idan matsin ya yi yawa, wani ma'aikacin tsarin mai suna lmkd na kashe manhajojin da ke baya. Mutumin da ya fita daga manhajar banki don kwafo lambar asusu a WhatsApp, ya dawo ya tarar ta fara daga farko, sau da yawa wannan ne ya same shi. Babu abin da ya lalace, wuri ne ya yi kaɗan.

Idan manhaja ce ta yi kuskure

Idan adireshin da manhaja ta nema ba nata ba ne sam, kanel ba shi da shafin da zai kawo. Sai ya aika mata sigina. SIGSEGV, mai lamba 11, ita ce ta taɓa wurin da ba a halatta ba. SIGILL, lamba 4, ta umarnin da firosesa ba ta sani ba ce, kuma ana iya ganinta idan an gina manhaja da sababbin umarni aka saka ta a tsohuwar waya. SIGBUS, lamba 7 a kan ARM da x86, da SIGFPE, lamba 8, na cikin dangin.

Manhaja na da damar tarbar siginar ta gyara kanta. Android da kansa na cin moriyar haka: maimakon ya riƙa duba kowane adireshi ko fanko ne kafin amfani da shi, yakan bar firosesa ta yi tuntuɓe, ya kama siginar, ya mayar da ita kuskuren da manhajar za ta iya fahimta. Idan kuwa ba wanda ya tarbi siginar, kanel na kashe manhajar, ya karɓe RAM ɗinta. Android na rubuta rahoton mutuwar a wani fayil da injiniyoyinsa suka laƙaba wa sunan dutsen kabari, mai waya kuma ya ga sanarwar cewa manhajar ta tsaya.

Abin lura shi ne ɓarnar ta tsaya a kan manhaja ɗaya. Kira na shiga, sauran manhajoji na aiki. Wannan shi ne amfanin raba matakan izini.

Tarkon gargaɗi: kanel na yi wa kansa shaida

Lamarin ya fi sarƙaƙiya idan tangarɗar ta faru kanel na aiki. A nan ma akwai matakai.

Mataki na farko shi ne kuskuren da aka yi tsammani. Manhaja na iya miƙa wa kanel adireshin banza ta ce ya kwafo bayani daga can. Marubutan Linux sun jera wuraren da hakan ke iya faruwa a wani jadawali, kowane da hanyar fita. Idan tangarɗa ta zo daga ɗayansu, kanel na tsallakawa zuwa hanyar fitar, ya mayar wa manhajar da amsar cewa adireshinta ba daidai ba ne.

Mataki na biyu shi ne gargaɗi. A dubban wurare a cikin Linux, marubuta sun dasa wani bincike mai suna WARN, ma'anarsa: wannan yanayi bai kamata ya taɓa faruwa ba, idan ya faru a rubuta. Yadda aka gina shi abin sha'awa ne. A wurin binciken ana ajiye umarni guda da aka san zai sa firosesa tuntuɓe, UD2 mai bayit biyu a x86, ko BRK mai bayit huɗu a ARM. Sunan fayil da lambar layi da alamar cewa gargaɗi ne kawai suna can a wani jadawali daban. Idan yanayin ya auku, firosesa ta faɗa tarkon, kanel ya duba adireshin a jadawali, ya gane nasa ne. Sai ya rubuta rahoto a kundinsa, da jerin ayyukan da suka kai ga wurin, ya yi wa kansa tambarin harafin W don duk wanda zai bincika daga baya ya san an taɓa samun gargaɗi. Daga nan ya tsallake umarnin ya ci gaba. Dalilin wannan dabara shi ne tattali: binciken da ba ya faruwa kusan kullum bai kamata ya cika hanyar da firosesa ke bi sau miliyoyi ba.

Mai waya ba ya ganin gargaɗi. Amfaninsa na injiniyoyi ne. Na'urar gwaji ta Google mai suna syzbot, wadda ke jefa wa Linux buƙatu barkatai dare da rana, tana ɗaukar kowane gargaɗi a matsayin kuskuren da za a kai rahotonsa. Akwai kuma saitin panic_on_warn, wanda ke sa kanel ya tsaya cak da gargaɗin farko. Masu gwaji da wasu masu manyan rumbunan kwamfuta na kunna shi, don sun fi son na'ura ta sake tashi da ta ci gaba cikin shakka. Wannan ya jawo muhawara a tsakanin marubutan Linux, domin gargaɗin da aka dasa don ya zama rubutu kawai yana iya zama hanyar kayar da na'ura.

Mataki na uku shi ne BUG, wanda ke amfani da irin wannan tarko amma ba a komawa bayansa. Torvalds ya sha sukar masu saka shi a inda gargaɗi zai wadatar, kuma ƙa'idojin rubutun Linux na yanzu sun hana ƙara sababbi sai da larura.

Idan kanel ya faɗi

Tangarɗar da ta sami kanel ba tare da hanyar fita ba ana kiranta Oops. Kanel na rubuta rahoto, ya kashe aikin da ke gudana, ya yi ƙoƙarin ci gaba. Haɗarin shi ne aikin da aka kashe yana iya mutuwa riƙe da makullin wani sashe, ko ya bar bayani rabi a rubuce. Saboda haka Android ke saita wayoyi su wuce kai tsaye zuwa mataki na ƙarshe, wanda ake kira panic: kanel ya dakatar da komai, waya ta sake tashi. Hikimar ita ce gara a rasa minti ɗaya da a rubuta gurɓataccen bayani a kan fayilolin mai waya. Wayoyi da yawa na keɓe ɗan wuri a RAM da ba ya gogewa a irin wannan tashi, inda ake samun saƙon ƙarshe na kanel.

A x86 akwai ƙarin mataki. Idan tangarɗa ta faru ana ƙoƙarin kai rahoton wata, firosesa na ɗaga tangarɗa mai lamba 8. Idan ita ma ta gaza, firosesar na kashe kanta na'ura ta sake tashi.

Sau da yawa laifin na direbobi ne, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kyamara ko eriya ko allo, domin a cikin kanel suke zaune da cikakken iko. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, CrowdStrike, ya aika sabon fayil ga manhajarsa ta Falcon da ke aiki a cikin kanel ɗin Windows. Manhajar ta nemi bayani na 21 a jerin da ke da 20 kawai, ta karanta wurin da ba nata ba. Da a matakin manhajoji abin ya faru, da ita kaɗai za ta rufe. Da yake a kanel ne, sai kwamfutoci suka nuna shuɗin allo suna ta sake tashi. Kamfanin ya janye fayil ɗin cikin minti 78, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, aka soke dubban jiragen sama, asibitoci da bankuna suka tsaya.

Abin da mai waya zai duba

Bambanta alamomin na iya ceton kuɗi da bayanai. Idan manhaja ɗaya ce ke rufewa sauran na lafiya, matsalar tata ce. A sabunta ta daga tushen da aka amince da shi, a guji kwafin da ake turawa daga waya zuwa waya, musamman na banki, domin yana iya zama tsoho ko na jabu. Idan manhajoji na farawa daga farko duk lokacin da aka koma kansu, RAM ce ta cika, a rage waɗanda ke aiki a baya.

Idan waya ce gaba ɗaya ke mutuwa ta tashi, a lura da lokacin. In kullum sai an buɗe kyamara ko an kunna Wi-Fi, zargi na kan direba, kuma sabunta babbar manhaja na iya magance shi. In kuwa sai tana caji, ko ta yi zafi a rana, ko batir ya yi ƙasa, to a fara zargin batir da caja. Wannan ya shafi yankunan da wutar lantarki ta katse ake dogaro da shagunan caji na sola da janareta, ga zafin bazara da kan haura digiri 40. Goge waya ba ya gyara batirin da ya kumbura ko RAM da ta lalace. Tayar da waya a yanayin kariya, inda manhajojin da aka saka daga baya ba sa aiki, na taimakawa wajen gane ko ɗayansu ce sanadi. Mai gyaran da ya ƙware na iya ciro rahoton kuskure daga saitin masu gina manhaja kafin ya taɓa komai.

Game da kuɗi, ana rubuta ciniki ne a kwamfutocin banki, ba a cikin waya ba. Manhaja na iya rufewa bayan umarnin tura kuɗi ya riga ya isa. Don haka kafin a sake turawa, a buɗe tarihin ciniki a duba ragowar kuɗi, a kuma tambayi wanda aka tura wa. Kafin a miƙa waya ga mai gyara, a kwafe lambobi da hotunan takardu zuwa wani wuri, a cire layi, kuma kada a ba kowa lambar sirrin asusu.